Daƙuwa da Hannu Biyu

Mu uku ne muke fita cin abinci duk Juma'ar farkon wata: ni, da wani Bazazzagi mai koyarwa a wata makaranta a Dubai, wanda shi ne mai motar, sai babban cikinmu, mutumin Kumasi da muke kira Ɗan Zango. Ba ma zama a cikin gari. Dubai ta ishe mu da gilasai da shinkafar kamfani, saboda haka da hutu ya zo sai mu juya mata baya, mu nufi duwatsu ko bakin teku ko wani ƙauye cikin rairayi inda aka ce akwai mai dafa nama a rami. Mun ci naman raƙumi har haƙora suka yi mana ciwo. Mun je Hatta don zuma kawai, muka dawo da kwalba ɗaya muna rigima a kan wanda zai ajiye ta. Bazazzagin ya kan ce ƙungiyarmu ba ta da shugaba sai ciki, ni kuma in ce masa ai Bazazzagi ko a Aljanna sai ya tambayi inda ake raba tuwo.

Ɗan Zango ne mai nuna hanya. Shekararsa goma sha ɗaya yana raba abinci a wani babban otal na bakin ruwa, kuma daga hirar baƙi yake tsintar sunayen wuraren da abinci yake da daɗi. Aikinsa har da zuba wa Turawa giyar inabi. Bai taɓa kai ta bakinsa ba, amma da ƙanshi kaɗai yake gane wadda ta tsufa da wadda ba ta nuna ba, ya san wadda ake sha da kifi da wadda ake sha da jan nama. Mun sha tsokanarsa cewa ranar lahira hancinsa ne zai fara ba da shaida a kansa. Sai ya yi dariya ya ce, “Chale, hanci bai haɗiye komai ba.” “Chale” ɗin nan “aboki” ke nan a bakin mutanen Gana. Hausarsa irin ta Zango ce, ba ta san mace ba, kowa “ya zo” ne, ko da kakarka ce. Ban taɓa ganin mutum mai sanyin rai irinsa ba. Mashayi ya taɓa watsa masa kofi a fuska, ya goge, ya tambaye shi ko a ƙaro masa.

Ni kuwa ba haka Allah ya yi ni ba. Tun ina yaro a Kano aka san ni da zuciya, kuma karatun injiniya bai rage komai a cikinta ba. Ina gyaran injinan ɗakunan sanyi na wasu rumbunan ajiya a Ras Al Khor, kuma a shekara shida da na yi a ƙasar na koyi abu ɗaya da kyau: a nan ba a dukan mutum. Ba a zagi, ba a nuna yatsa. Baƙon da ya ɗaga hannu, daga ofishin 'yan sanda sai gidan yari, daga can sai filin jirgi, kuma ba zai sake shigowa ba. Na san wannan kamar yadda na san sunana.

A Juma'ar da nake magana a kanta, saura kwana goma sha ɗaya matata da 'yata su sauka. Shekara shida nake neman wannan rana. Sai da aka ƙara min matsayi a wurin aiki, na bar ɗakin da muke kwana mu huɗu, na kama ɗan gida a Al Khabaisi, aka yi ta kai takardu ana dawo da su, sannan biza ta fito. Yarinyar shekararta huɗu, sau biyu kacal na taɓa ɗaukarta a hannu. A waya take sanina, har ta kan leƙa bayan wayar ta ga ko ina ciki. Na saya mata ƙaramin gado mai launin ruwan hoda, na ɗaura shi da kaina, kullum in na dawo aiki sai na tsaya na dube shi.

Akwai kuma abin da ban cika faɗa wa kowa ba a lokacin. Wata biyar kafin nan mahaifiyata ta rasu. Da safe aka kira ni ina cikin ɗakin sanyi, kafin azahar an kai ta makwancinta. Ban wanke ba, ban ɗauka ba, ban zuba ƙasa ba. Na ci gaba da zuwa aiki kamar komai lafiya, amma abin yana nan a ƙirjina, ɗanye.

Da hantsi muka je Sonapur ɗaukar Ɗan Zango, can gidajen ma'aikatan otal ɗinsu. Ya fito cikin farar jallabiya, irin tawa sak, don tare muka saye su a Deira lokacin azumi.

“Yaya, yau ina muka nufa?” na tambaye shi.

“Fujairah. Za mu ga karon shanu, daga nan in kai ku wurin wani mai gasa kifi. Injiniya, in ka ci kifin nan za ka manta da Kano.”

“Allah ya kiyaye,” na ce.

“Yalla, maza ku shiga,” in ji Bazazzagin. “Bakano da yunwa ba a barinsa a rana.”

“Matanka yana zuwa ran nawa?” Ɗan Zango ya tambaya bayan mun hau titi.

“Tana zuwa, Yaya. Tana. Saura kwana goma sha ɗaya.”

“To, wannan ne fitanka na ƙarshe. In ya zo, khalas, shi ke nan, sai dai mu riƙa aiko maka da hoto.”

Muka bi ta Sharjah, gine-gine suka ƙare, jan rairayi ya karɓe su, daga baya duwatsu suka taso, baƙaƙe, babu ko ciyawa a kansu. A kasuwar bakin hanya ta Masafi muka tsaya. Su biyun suka sayi gasasshiyar masara da lemun tsami da barkono, suka sha ruwan kwakwa. Ni na ƙi taɓa komai. Na ce cikina na kifi ne, ba zan ɓata shi da masara ba. Ko karin kumallo ban yi ba, shayi kawai na sha. Ɗan Zango ya miƙo min rabin tasa, na ture. Da na karɓa, wataƙila da ba ni da labarin da zan rubuta yau. Mun yi sallar Juma'a a wani ƙaramin masallaci a gindin dutse, muka ɗan zaga bakin ruwa, bayan la'asar muka isa filin karon.

Fili ne na ƙasa kusa da teku, an kewaye shi da shinge, motoci sun yi masa zobe, mutane har kan rufin motocinsu. Ban taɓa ganin shanu irin waɗannan ba. Bijimai ne masu tozo, kowanne ya yi biyun namu na gida, an ce da madara da dabino da zuma ake kiwonsu. Mutum biyar ko shida ne suke riƙe igiyar ɗaya, yana jan su kamar ba ya jin nauyinsu. Wani dattijo yana ta kirari da Larabci a lasifika. Aka shigo da wani baƙi da wani ja. Suka tsaya suna tonon ƙasa da ƙafa, suna huci, sannan aka sassauta igiyoyi.

Ƙarar haɗuwar kawunansu a cikina na ji ta. Suka sarƙe ƙaho, suna turin juna, ƙura ta tashi, jijiyoyin wuyansu kamar za su tsinke. Baƙin ya ja da baya taku biyu, ya sake kawo kai ta ƙasa, ƙahonsa ya yagi jan a gefen ido. Jini ya gangaro har kan hancinsa yana ɗiga. Jan bai gudu ba. Ya ƙara dannawa, gwiwarsa ta gaba ta durƙushe, baƙin ya hau shi da ƙirji yana neman kifar da shi. Mutane kusan ashirin suka ruga suka kama igiyoyi, ana ja ana ihu, wani ya faɗi aka tattake shi, wani rawaninsa ya tafi. Da ƙyar aka raba su. A karo na uku wani bijimi ya ƙwace ya nufo inda 'yan kallo suke zaune a ƙasa, kowa ya watse, dattawa masu sanduna suka manta da girma.

Na ji daɗin kallon nan, ba zan ɓoye ba. Ina ihu, ina dukan shinge, muryata har ta dushe. Ya tuna min da dambe da karon raguna a gida. Jinina ya yi zafi, kuma bai huce ba har muka shiga mota. Ɗan Zango shi kam kawar da kai ya riƙa yi. Ya ce shi bai ga abin da shanun suka yi wa juna ba da za a haɗa su faɗa.

Wurin kifin wani ɗan shago ne a gefen hanya, nesa kaɗan da gari, bayansa teku. Tebura huɗu na roba a waje, sai dogon murhun gawayi da aka yi da rabin ganga. Ana zaɓen kifi a cikin ƙanƙara, a auna, a shafe shi da jan yaji, a ɗora. Mai gashin wani siriri ne ɗan Pakistan mai furfura a gemu, da tawul a kafaɗa, gumi yana zuba daga goshinsa. Ɗan Zango ya zaɓa mana manya uku. Ƙamshin wurin kaɗai ya isa ya sa mai azumi ya yi tunani biyu. Muka zauna, aka ajiye mana tulun ruwa na ƙarfe da kofuna.

Sai dai duk wanda ya tashi daga kallon shanu nan ya nufo. Manyan motoci suka riƙa tsayawa a bakin hanya, ba wanda yake fitowa, sai dai a danna oda, ma'aikacin shagon ya ruga da gudu, ya dawo ya faɗa wa mai gashi, a naɗe kifi a kai. Ina kallo ana ɗaga namu gefe ana ɗora na wasu. Rabin awa ta wuce. Rana ta yi ƙasa. Yunwa, a ba ki a huta.

Na tashi na je wurin murhun. Na ce masa da Turanci mun riga waɗannan motocin zuwa. Bai ɗago ba. Ya miƙo hannunsa na hagu saitin fuskata, tafin a buɗe, yatsu biyar a ware, ya ɗan tura shi gaba.

“Five minute, boss.”

Ba sai na yi wa Bahaushe bayanin wannan hannun ba. Tun kafin yaro ya iya magana ya san daƙuwa, ya san ba shi ake zagi ba, wadda ta haife shi ake nufi. Kuma wallahi na san a ƙasar nan ba haka take ba. Na ga direbobin tasi suna yi, na ga masu gadi suna yi, har shugabana a wurin aiki ya sha yi min, ma'anarta kawai jira minti biyar. Kaina ya san haka. Amma abin da ya taso min daga ciki bai tsaya tambayar kaina ba. Kunnuwana suka ɗauki zafi.

Ɗan Zango ya taso ya riƙo gwiwar hannuna.

“Injiniya, shwaiya, a hankali. Minti biyar ya ce. Zo ka zauna.”

“Yaya, ka ga abin da ya yi min?”

“Na gani. Ni ma haka nake yi wa baƙi kullum. Bai san uwan kowa ba, chale. Zo.”

Na koma na zauna. Bazazzagin ya so ya mai da abin wasa, ya ce ai ko a Kano daƙuwar mai abinci ba ta kama mai jin yunwa. Ban yi dariya ba. Na zuba ruwa na kasa sha. Ina kallon agogo, minti biyar suka cika, suka zama goma sha biyar, wasu motoci biyu suka zo suka tafi da kifinsu. Bazazzagin ya tafi mota ɗauko wayarsa. Ɗan Zango ya shiga cikin shagon ya ce a fara kawo mana gurasa in sa wani abu a cikina. Na tashi, tulun ƙarfen yana hannuna, ban ma san na ɗauko shi ba.

Na ce, “Kifinmu.”

Wannan karon ya ajiye abin juya kifin. Ya juyo rabi, idonsa yana kan wata mota da take danna oda, ya ɗago hannuwansa duka biyu, yatsu goma a ware, ya turo min su har sau biyu.

“Ten minute, ten minute.”

Da gindin tulun na doke shi, a gefen fuska, tsakanin kunne da muƙamuƙi, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ji wani abu ya ƙarye. Ruwa ya watsu a kan gawayi, tururi ya tashi. Ya yi baya ya faɗa kan murhun da hannunsa da kafaɗarsa, gangar ta kife, garwashi da kifi suka zube tare da shi. Ban tsaya ba. Na ƙara masa ɗaya a ka yana ƙasa. Na sa ƙafa na shure shi a haƙarƙari, sau biyu ko uku, ina cewa da Hausa, “Uwar wa? Uwar wa kake zagi?” Bakinsa ya cika da jini, ya tofar da haƙori. Rigarsa ta kama wuta a kafaɗa, na ji ƙaurin fata, kuma ko a lokacin ƙafata ba ta so ta daina ba.

Wani ya rungumo ni ta baya ya yi jifa da ni. Ɗan Zango ne. Ban san yana da ƙarfi haka ba, sai da na buga kai da ƙafar tebur. Ya faɗa kan mutumin, ya jawo shi daga cikin garwashin, yana kashe wutar rigar da tafin hannunsa tsirara. Bazazzagin ya zo ya shaƙe min wuyan riga, ya ja ni har bayan motarsa, yana cewa, “Ka kashe mu. Wallahi ka kashe mu.”

Duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Ma'aikatan shagon biyu suka fito daga ciki, ɗaya da ƙarfen tsire, ɗaya da katako. Abin da suka tarar shi ne baƙin mutum cikin farar jallabiya, durƙushe a kan ɗan'uwansu, jini har gwiwar hannunsa. Mai katakon ya sauke masa shi a gadon baya. Mai ƙarfen ya zabga masa a ka, goshinsa ya tsage. Ɗan Zango bai rama ba, ya dunƙule kawai ya rufe mutumin da jikinsa, suna ta dukansa har sai da wasu Larabawa suka fito daga motocinsu suka riƙe su. Ina tsaye a bayan mota ina kallo. Jallabiyata fara tas, ɗigon ruwa ne kawai a hannun riga.

'Yan sanda ba su daɗe ba, motar asibiti tana biye da su. Aka ɗora mai gashin a gadon ɗaukar marasa lafiya, idonsa ɗaya ya kumbure ya rufe. Ba ya iya magana. Wani jami'i ya sunkuya ya tambaye shi wa ya doke shi. Ya ɗaga hannun da bai ƙone ba, ya yi nuni wajen da Ɗan Zango yake zaune a ƙasa. Ban ga laifinsa ba. Ta gefe dukan ya zo masa, abin da ya gani farar riga ce da baƙar fuska, kuma fuskar da ya buɗe ido ya gani a kansa ita ce waccan. Masu motoci suka ce ɗan Afirka ne mai farar riga. Na'urar ɗaukar hoton shagon tana ciki, tana kallon teburin mai karɓar kuɗi.

Jami'in ya juyo wajenmu. Ya tambaye mu ko tare muke, muka ce e. Ya dube ni ya ce, “Kai me ka gani?”

Ɗan Zango ya ɗago kai, jini yana bin gefen hancinsa, ya yi magana da Hausa, a hankali, kamar mai addu'a.

“Rufe bakinka. Yarinyanka yana zuwa.”

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa umarninsa na bi, babba ya ce in yi shiru na yi shiru. Ƙarya ce. Tsakanin tambayar jami'in da maganar Ɗan Zango akwai ɗan lokaci, numfashi uku ko huɗu, kuma a cikinsa na riga na yanke shawara. Tun da mutumin ya nuna shi na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, sanyin wanda ya tsira. Kafin ya ce in yi shiru na riga na yi. Na ce wa jami'in ina wajen mota, ban ga farkon abin ba. Bazazzagin ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce shi ma haka.

An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na ɗebo, wani ya ƙone. A gaban mai bincike Ɗan Zango ya ce shi ne, yunwa da fushi suka ɗebe shi. Muƙamuƙin mutumin ya karye wuri biyu, kunnensa na hagu ya daina ji, saboda haka maganar ta wuce sulhu. Aka yanke masa zaman gidan yari na wasu watanni, in ya gama a mayar da shi ƙasarsa. Otal ɗin suka sallame shi tun kafin a yanke hukunci. Yana da 'ya'ya biyu maza a makaranta a Kumasi, da gini da ya kai linta.

Ranar da aka ce matata da 'yata za su sauka, suka sauka. Na je filin jirgi da sabuwar riga. Yarinyar ta ɓuya a bayan uwarta, sai da muka isa gida ta yarda na ɗauke ta. Ta hau gadonta tana tsalle. Na yi farin ciki a ranar, farin ciki na gaske, kuma wannan ne abin da ya fi ci min rai. Matata ta tambaye ni ina abokin nan ɗan Gana da nake yawan ba ta labari, ta zo masa da kilishi. Na ce ya yi tafiya.

Sau ɗaya na samu na ziyarci Ɗan Zango a gidan yari. An aske masa kai, tafin hannunsa na dama ya warke a tattare, yatsu biyu ba sa miƙewa. Na fara kuka, ya ce in daina, mutane suna kallo. Na ce zan je in faɗi gaskiya. Ya ce in na yi haka shi za a ƙara wa laifin ƙarya, ni a kore ni, an yi asara biyu ke nan. Na ji daɗin wannan hujja fiye da yadda ya kamata. Ya tambaye ni ko yarinyar ta saba da ni. Ranar da aka fitar da shi daga ƙasar ba a bar kowa ya raka shi ba. Bazazzagin kuma tun daga ranar bai sake kirana ba, in muka haɗu a masallaci sai ya ba ni hannu yana kallon wani wuri.

Muna waya da Ɗan Zango. Ina aika masa abin da ya sawwaƙa, yana karɓa ba ya cewa komai a kai. Babu otal ɗin da zai ɗauki mai raba abinci da hannu irin nasa, yanzu yana taya ƙanwarsa sayar da shinkafa da wake a bakin tasha. Bai taɓa yi min gori ba, ko sau ɗaya. Sai bara, muna cikin hira, ya ce:

“Injiniya, nawa na yafe tun a wurin. Amma mutumin nan mai gasa kifi fa? Shi bai san wanda zai yafe ma ba. Yana can yana riƙe da ni a zuciya, ni kuma ban yi masa komai ba. Je ka gaya masa. Ba 'yan sanda na ce ba. Shi kaɗai.”

Na ce to. Na yi wata biyu ina cewa to. Sannan wata Asabar na hau motar haya zuwa Fujairah ni kaɗai, ban gaya wa matata inda za ni ba. Duk tsawon hanyar ina haɗa maganar da Turanci mai sauƙi yadda zai gane: ni ne na doke ka, ba shi ba, shi ne ya cire ka daga wuta.

Shagon yana nan, an sake murhu. Da rana tsaka na isa, babu kowa sai mai gashin, yana jera gawayi. Ya rame. Fuskarsa ta karkace gefe ɗaya, fatar hannunsa daga kafaɗa zuwa gwiwa ta yi fari-fari tana sheƙi. Ya dube ni, na ga ya gane ni. Sai ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya kama hannuna da hannu biyu. Da guntun Turancinsa ya ce ya tuna ni, ni ne na tsaya nesa ban shiga ba. Ya ce ni mutumin kirki ne, abokina ne mugu, Allah zai yi musu hisabi. Ya jawo min kujera ya goge ta da tawul ɗinsa.

Na ce masa akwai maganar da na zo da ita. Bai ji ba. Ya nuna kunnensa na hagu ya girgiza kai, sannan ya matso kusa da ni, ya sunkuyo, ya juyo min na dama, wanda ya rage masa, yana jira.

Na ce a gasa min kifi ɗaya.